Jikan da Kyauta Ta Jira Daga Roma

A Gidan Barmo, wani ɗan ƙauye da ke bayan layin dogo in ka bar Gagarawa Tasha, babu wanda bai san Kyauta mai daddawa ba. Ko baƙo ba ya neman ɗan rakiya zuwa gidanta, hanci ne ke kai shi, don daddawar batso take yi, wadda warinta ke riga sallama shiga gida. Gajeriya ce mai kaurin dantse, ga baki. In ka taya kayanta da arha sai ta dube ka sama da ƙasa ta tambaye ka ko gyatumarka ce ta dafa mata gurguzun. Amma a yi haihuwa ko rasuwa a garin, ita ce ta farkon zuwa da tulu a ka, ita ce ta ƙarshen tashi. Kirista ce 'yar Katolika, a garin da Kiristocinsa duka-duka ba su cika tabarma biyu ba.

Yadda aka yi haka ba wani abin mamaki ba ne. Mutanen Gidan Barmo Maguzawa ne tun kaka da kakanni. A zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a tasha yana kwasar gyaɗa, yawancinsu suka musulunta, kaɗan kuma suka bi ma'aikatan jirgi zuwa coci. A gida ɗaya ma an rabu: Ilu, babban, ya shiga coci, ƙanensa Hudu ya shiga masallaci. Ba a taɓa jin sun ɗaga wa juna murya a kan wannan ba. Ranar Sallah nama ya tsallaka katanga, ranar Kirsimeti shinkafa ta rama. Da mahaifinsu ya rasu suka raba gonarsa biyu, suka dasa layin gamba a tsakiya ya zama iyaka, gabas ta Ilu, yamma ta Hudu.

Ilun nan shi Kyauta ta aura. Ta haihu ba ɗaya ba ba biyu ba, amma ƙasa ta yi ta karɓa, wani a goye, wani ya fara tafiya, wata har ta fara ɗaukar ƙaramin tulu. Wanda ya tsaya mata shi ne na farin, Irmiya. To ka san Bahaushiya da ɗan fari. Shiga coci bai cire mata wannan kunyar ba ko ƙanƙani. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta dubansa ido cikin ido a gaban mutane. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin faccalarta Rakiyya, matar Hudu, shi ya sa in za ta ambace shi sai ta ce ɗan Rakiyya. In ya faɗi ya fasa baki a tsakar gida, sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba, ta zagaya bayan rumbu ta dafe ƙirji har sai ta ji ya daina kuka. Wallahi son da take yi masa ya fi ƙarfin faɗi, sai dai al'ada ta hana ta ko gwada faɗin.

Yaro ya tashi da kaifin kai. Aka kai shi makaranta a Gumel, can wani Fada, wato limamin coci, ya gan shi ya yaba da hankalinsa, ya nemi a ba shi shi ya tafi makarantar horar da limamai. Ilu ya ji daɗi har yana taka rawa da sanda. Kyauta ba a tambaye ta ba, ko da an tambaye ta ma me za ta ce a kan ɗan fari? Ranar tafiyar tana bakin turmi tana sussuka, har motar ta tashi ba ta ɗago ba. A ranta makaranta ce kamar kowace makaranta: zai gama, ya samu aiki, a yi masa aure, ɗaki ya cika da 'ya'ya.

Kar ka ce ba ta lura limaman cocin ba su da mata ba. Ta lura sarai. Sai dai duk Fadan da ta taɓa gani baƙo ne, ko Bature ko mutumin kudu, ita kuwa ta ɗauka sun baro iyalansu a garuruwansu ne, kamar yadda ma'aikatan jirgi ke yi. Wa zai kawo mace ta zauna a zafin Gumel in yana da wurin ajiye ta? Sai da tafiya ta yi nisa, yaro ya fara zuwa hutu da doguwar farar riga, sannan wata mata a coci ta zaunar da ita ta warware mata zare da abawa. Fada ba ya aure, ba a nan ba, ba a garinsu ba, har ya koma ga Ubangijinsa. Kyauta ta dawo gida a ranar ta ɗora tukunya ta manta ba ta zuba ruwa ba.

Ranar da aka naɗa shi ta sha anko, ta sha guɗa, mata suna jan ta suna Maman Fada, Maman Fada. Ta yi murna, ba za a ce ba ta yi ba. Ta ga tsofaffi masu furfura suna rusuna wa yaron da ta haifa suna neman ya sa musu albarka. Amma da aka gaya mata ma'anar kalmar Fada uba ce, sai abin ya soke ta. Ga shi uban kowa, amma babu ɗan da zai rarrafo ya kama ƙafarsa ya ce Baba.

Mutanen ƙauye kuwa ba sa barin ciwo ya yi ɓawo. Ba da mugunta ba, tsokana ce irin ta zaman tare. A bakin rijiya sai wata ta ce, Kyauta, yaushe za mu ci tuwon bikin tuzurunku? In azumi ya raba tsakiya yara suka fito tashe, sai sun tsaya a ƙofar gidanta sun yi na gwauro, alhali mai laifin yana can kudancin Kano inda aka tura shi aiki. Takan fito da muciya ta bi su, suna gudu suna dariya, ita ma tana dariyar. In ta koma ɗaki dariyar ba ta bin ta. Abin da ya fi cin ranta shi ne ganin Rakiyya da jikokinta, ana ta wasan kaka da jika, wannan ya ce matata ba ni tuwo, ta ce tafi can mijin banza ko cefane babu. Yaran nan har ita suna kira Kaka, suna kwana a ɗakinta, suna sace mata ƙuli-ƙuli, tana kuma ƙaunarsu. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara, in magariba ta yi kowa ya san ƙofar da zai shiga.

Ilu ya yi jinyarsa a wata damina ya tafi. Kafin ya cika, shi da ya yi rawa da sanda, ya kira matarsa ya ce mata ya yi ta tunanin gonar nan. Bai ce ya yi nadama ba. Cewa ya yi ta riƙe ta, kada ta bari a haɗe ta da ta Hudu, ko Allah zai yi wani ikonsa gidan ya samu magaji. Kyauta ta ɗauki maganar ta ƙulle a bakin zane.

Haka ta riƙe gonar ita kaɗai, gero da wake, riɗi a gefen tudu, zoɓo a bakin hanya. Abdurra'uf, babban ɗan Hudu, shi ke yi mata huɗa da shanunsa kowace shekara bai taɓa karɓar ko sisi ba. Mutum ne mai iyali da yawa, gonar ubansa kuwa ta yi musu kaɗan, ga ƙanne. Takan ba shi aron wani yanki ya shuka, ta ba shi da zuciya ɗaya. Amma gamba, a'a. Da kaka a yanke ta a yi zana, saiwar tana nan. Sau ɗaya ya taɓa aiko uwarsa da magana mai laushi, cewa shanu na shan wahalar juyawa a bakin gambar nan, da an cire ta da an ja kunya ɗaya tun daga gabas har yamma, amfanin kuma a raba yadda take so. Kyauta ta ce a gaya masa gonar jikanta ce. Rakiyya ta buɗe baki za ta ce wane jikan, ta dubi fuskar faccalarta, ta mayar da bakin ta rufe.

Ba hauka ne ya sa ta faɗi haka ba, tana da abin da ta dogara da shi. Wasu shekaru da suka wuce ta ji a rediyo cewa manyan coci sun taru a Roma, har an taɓo maganar aure da limanci. Ba ta gane duka ba, amma kalmar aure ta shiga kunnenta ta zauna. Ran Lahadi ta tare Malam Ishaya, katikis ɗin cocinsu na Gumel, mai koyar da addini in Fada ba ya nan, ta tambaye shi gaskiyar zance. Shi kuma yana sauri, mutane na jiransa, sai ya ce mata an dai yi maganar amma ba a canja komai ba, sai dai ko wani Fafaroman nan gaba. Ya faɗa ya wuce ya manta. Ita kuwa ta tsince ta ta adana kamar iri.

Kuma in ka bi lissafinta ba za ka ce wauta ba ce. Sarki goma zamani goma. Ba da idonta ta ga an yi sabuwar gwamnati an soke haraji da jangali ba, abin da kakanninta suka mutu suna biya? Ba ta ga an naɗa sabon hakimi ya maido wa mutane kasuwar da na da ya tayar ba? Abin da wani sarki ya ɗaure, wani sarki ke kwancewa. A ganinta ɗanta ɗaurarre ne, doka ce ta riƙe shi, ranar da aka sassauta igiyar kuwa da gudu zai zo gida ya ce a nema masa mata.

Ana cikin haka, ana gama bikin Ista, rediyo ya ce Fafaroma ya rasu. Kyauta ta shiga motar Gumel ta je aka yi addu'a da ita, ta yi kuka na gaskiya, don ta ji an ce tsohon mai tausayin talakawa ne. Amma a hanyar dawowa, tana matse tsakanin buhun gero da wata mai goyo, sai ta ji wani abu mai kama da murna yana motsi a ƙirjinta. Ta ji kunyar kanta ƙwarai, ta yi alamar gicciye ta roƙi gafara. Murnar dai ba ta fita ba.

Daga ranar rediyo ya zama ɗan goyonta. Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum, maza na sharar gona, wasu har sun fara binne, suna zuba iri a busasshen rairayi suna jiran ruwan da ba su ga ko hadarinsa ba. Ita tana tsakar gida tana kirɓa daddawa, rediyo na rataye a reshen darbejiya, ana ta fashin baƙi a kan wanda za a zaɓa da abin da duniya ke jira ya yi. Wannan ya ce yaƙe-yaƙe, wancan ya ce talauci, wani ya ce ko a wannan karon za a ba baƙar fata. Duk ba su dame ta ba. Ita kalma ɗaya take kasa kunne ta ji, in kuwa wani ya gifta ta kusa da ita sai ta saki taɓarya ta tsaya cak.

Da Rakiyya ta ji cewa rufe dattawan coci masu zaɓen ake yi a ɗaki, ba su fita sai sun zaɓa, kuma da hayaƙi ake sanar da duniya, baƙi ba a daidaita ba, fari an samu, sai ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ashe su ma Turawan da hayaƙi ake gane gidan da aka ɗora tukunya. Kyauta ta ce ta yi ta dariya, ranar biki ita za a bar wa wankin tukwane. Amma da yamma, bayan Rakiyya ta idar da sallar la'asar, Kyauta ta jiyo ta ta bayan katanga tana jan carbi tana roƙon Allah ya ba mutanen nan shugaba mai jin tausayin tsofaffi. Ita ma ta ɗauko nata carbin, kowacce a gefenta na katanga.

Ranar Alhamis ce, tana kasuwar Maigatari da kwandon daddawarta, rana ta yi sanyi, 'yan Nijar sun fara ɗaure kaya. Sai ga wani Inyamuri mai shagon magani, ɗan cocinsu, ya taho yana ɗaga waya yana Maman Fada an yi, an yi. Ya nuna mata. Ta ga wani ɗan bututu a kan rufin gini yana fitar da farin hayaƙi, ga mutane kamar ƙasa suna ihu. Ta tambaye shi wa aka ba, ya ce ba a fito da shi ba tukuna. Ta ce ko wane ne dai sabo ne. Ta bar kwandon a wurin maƙwabciyarta, ta kutsa layin 'yan atamfa kafin su rufe, ta kwance lalitarta, abin da ta sayar a ranar da wanda ta daɗe tana tari, ta zaɓo zannuwa masu kyau irin na lefe. Mai rumfar ya ce Iya aurar da ɗa za a yi? Ta ce in Allah ya yarda. Rabonta da ta ji daɗin amsa wata tambaya haka har ta manta.

Daga nan kuma abin ya zama kamar an tsinke mata linzami. Ta sa aka kwaɓa ƙasa aka yaɓe tsohon ɗakin Ilu, aka sake masa ƙofa. Rakiyya ta ce Yaya, ki bari mana a ji daga bakin sabon tukuna. Ta ce wanda ya jira ruwa ya sauka kafin ya nemi iri, maƙwabta za su riga shi cin tumu. Amarya ma Kyauta ta riga ta zaɓa tuntuni: Rahama, 'yar Malam Ishaya katikis, mai aiki a wani ɗakin shan magani, doguwa mai kunya, wadda kullum ke karɓar mata kwando in ta sauka a mota.

Lahadin da ta biyo, bayan an tashi daga coci, ta bi uwar Rahama har gida. Aka gaisa, aka sha ruwa, ta ajiye ƙullin goro da daddawa mai yawa, irin ajiyewar da duk Bahaushiya ta san ba ta banza ba ce. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce a riƙe musu yarinyar nan, kada a yi gaggawar ba wani, tunda an yi sabon Fafaroma ɗan Rakiyya ya kusa samun sarari. Matar ta daɗe ba ta gane ba. Da ta gane sai ta rasa inda za ta sa idonta, dariya ta taso mata, tausayi ya danne. Ta raka ta har tasha ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kafin Kyauta ta isa Gagarawa, Malam Ishaya ya riga ya kira Fada Irmiya a waya.

Irmiya bai yi fushi ba, ya dai nemi izini ya taho. Ya sauka a kan babur da hantsi, farar rigarsa ta yi ja da ƙurar hanya, gashin kansa ya fara fari a gefe, abin da uwarsa ta hango ta wutsiyar ido. Ya fara shiga wurin Baffansa Hudu ya gaishe shi, sannan ya shigo. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya. Ya zauna a wannan bakin, Kyauta ta zauna a wancan ta ba shi gefe tana tsince wake, Rakiyya ta zauna a tsakiya, don haka aka saba: uwa ta gaya wa Rakiyya, Rakiyya ta maimaita wa wanda ya riga ya ji.

Aka yi gaisuwa ta wannan hanyar, aka tambayi aiki, aka tambayi zafi. Ya ga sabon yaɓe, ya kau da kai. Can Kyauta ta ce wa faccalarta, idonta a kan faifai, “Ki tambaye shi, sabon da aka yi, yaushe zai kwance musu?”

Irmiya ya dubi Rakiyya ya yi bayani a hankali, kamar mai taka ƙaya. Ya ce babu wanda ya ce za a kwance komai. Maganar da aka taɓa yi ma ba ta limamai su yi aure ba ce, ta ko za a iya naɗa magidanta ne a wuraren da limamai suka yi ƙaranci, ita ma magana ce kawai. Wanda aka riga aka naɗa ya gama. Rakiyya ta juya za ta maimaita, Kyauta ta ɗaga mata hannu. Ta ce ai sarki ba ya faɗin abin da zai yi ranar naɗi, a ba shi lokaci, in wannan bai yi ba wani zai yi, ita tana da haƙuri.

Nan ne ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya tashi ya zagaye Rakiyya, ya durƙusa a gaban uwarsa da farar rigarsa a cikin ƙasa, ya yi mata magana ita da kanta.

“Iya, ba wanda ya ɗaure ni. Ni na so, kuma har yau ina so. Ko gobe aka buɗe ƙofar nan, ba zan fita ba. Ki yafe mini.”

Allah sarki. Da cewa ya yi an hana shi, da ta ci gaba da jira har kabari, kuma da jiran ya riƙe ta. Shekara da shekaru tana jin haushin wasu dattawa a Roma da ba ta taɓa gani ba, tana tausayin ɗanta kamar wanda ke kurkuku, ashe shi yana inda ransa ke so ne. Ba ta da wanda za ta yi fushi da shi. Hannunta ya tsaya a cikin waken, hawaye na ɗiga a kan faifai, ba ta share ba, ba ta kuma dube shi ba. Rakiyya ce ta fashe da kuka a madadinta.

Can Kyauta ta ce wa Rakiyya, “Ki tambaye shi gonar ubansa fa.”

Ya ce Abdurra'uf ɗan'uwansa ne, ɗaki ɗaya suka tashi, 'ya'yansa kuma jinin kakansu ɗaya ne. Shi ba shi da abin da zai yi da gona. Amma ya bar mata, yadda ta ga dama.

Ya kwana ɗaya a sabon ɗakin, shi ne kaɗai ya taɓa kwana a cikinsa tun da aka yaɓe shi. Da safe ta ɗaure masa daddawa da ƙuli-ƙuli da ɗan riɗi, ta ba Rakiyya ta miƙa masa. Ya sake durƙusawa, shi da ke sa wa jama'a albarka, yana jiran tata. Ta ce Rakiyya ta gaya masa Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi masa albarka, ba ta riƙe shi da komai ba. Ta faɗi haka tana kallon bango, kuma da gaske take.

Zannuwan ta aika wa Nana Firdausi, jikar Rakiyya da aka sa wa rana. Ta shiga mota ta je Gumel da ƙafarta ta ba uwar Rahama haƙuri, ta ce tsufa ne, a rufa mata asiri. Rediyon ta sauke daga reshe ta cire masa batir. A bakin rijiya babu wadda ta ƙara tsokanarta da tuwon biki, wannan shirun kuwa ya fi tsokanar ciwo, don ta san labari ya zaga gari.

Ruwan farko ya sauka bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, ƙasa ta jiƙu sosai. Da sassafe mutane suka fita da iri, sai suka tarar Kyauta ta riga kowa, tana tsakiyar gona da magirbi tana haƙar saiwar gamba. Wanda ya taɓa haƙar tsohuwar gamba ya san ba aikin tsohuwa ba ne, saiwar ta shekara da shekaru tana kama ƙasa. Abdurra'uf ya jefar da igiyar shanu ya taho da sauri yana Inna me ya yi zafi, ki bari. Ya ce shi bai nema ba, ya rantse bai aiki kowa ba, a bar iyakar yadda take. Ta ce ya matsa ya ba ta wuri. Ya ce to ta kawo magirbin ya yi mata. Ta ce mijinta ne ya dasa, ita ya bar wa amana, ita za ta cire. Hudu ya iso da sandarsa ya tsaya daga nesa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ta yi kwanaki tana yi, tana haƙa tana hutawa, tafin hannunta ya yi ƙanta ya fashe. Rakiyya na kawo mata kunu ta zauna a gefe tana tattara saiwoyin. Da ta cire ta ƙarshe ta aika aka kira Abdurra'uf ta ce ya kawo shanunsa. Ya ɗora garma daga bakin hanya ta yamma, shanun suka taho, da suka iso inda suka saba juyawa sai suka tsaya da kansu suka fara karkata. Sai da ya daka musu tsawa sannan suka wuce. Kafin azahar kunyoyi sun miƙe tun daga wannan baki har wancan, baƙar ƙasa iri ɗaya. Kyauta ta tsaya tana dubawa, ta nemi inda gonar Ilu ta fara, ta kasa ganewa.

Tana komawa gida da magirbin a kafaɗa ta haɗu da wani Bafillace yana kora shanu ta burtali. Ya gaishe ta, ya dubi huɗar ya yaba, ya ce kai, wannan gona da girma take, ta wace ce?

Ta ce, “Ta gidan Hudu ce.”